Gyaɗar da Aka Ɓare Cikin Rani

Furen farko da namiji ya taɓa ba ni a duniya furen gyaɗa ne, kuma ba don in shaƙa ya miƙo mini ba, don in yi masa aiki ne.

Ina amarya aka kawo ni Arlit daga wani ƙauye na ƙasar Matamaye, a bayan babbar mota, ni da kwanukana da wani ƙunshi da na ɓoye ƙarƙashin zannuwa. Littattafan soyayya ne a ciki, ƙananan nan da fatake ke kawowa daga Kano. Na karance su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu na koyi yadda miji yake: dogo, mai ƙamshin turare, mai iya zance, wanda zai tsaya bakin ƙofa ya ce idanunki sun hana shi sukuni. Wanda na samu gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana aiki a ramin ma'adini na Akokan, can ƙarƙashin ƙasa inda babu rana. Ni na ce ina sonsa, saboda wani murmushi da yake yi da gefen baki, na ɗauka a bayan murmushin akwai kalamai jibge suna jiran a ɗaura aure. Da aka ɗaura sai na tarar kalaman ba su wuce "Sannu da gida" da "Akwai ruwan wanka?" ba.

Na yi watanni ina jiran ya zama mutumin littafi. Bai zama ba. Ran nan da la'asar ya ce in saka mayafi in raka shi garka.

A bayan gari akwai garake, ɗan kore a tsakiyar tsakuwa da yashi, inda ake sako wa masu noman rani ruwa. Kowa na shuka salati da albasa da tumatir, abin da za a kai kasuwa da safe. Maigidana shi kaɗai ya ware fangalai ya zuba gyaɗa, a garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba. Maƙwabtansa na garka sun gaji da yi masa dariya har sun bari.

A can ya yi mini zance mafi tsawo da ya taɓa yi. Mahaifiyarsa, Inna, mai man gyaɗa ce a ƙauyensu. Tana da wata gyaɗa tun ta kakanni, ƙanana jajaye, suna ce mata ƴar ja. Manta yana ƙetare bazara bai juya ba, wato bai canja ƙamshi ba, bai yi maƙaƙi a wuya ba. Amma rowa gare ta. Ka tuge tushe ka ga ƴaƴan kamar an ƙirga mata su. Akwai kuma wata fara da ya samo wurin wani ɗan'uwansa da ya taɓa ƙwadago a gonar gwajin iri a ƙasar Maradi. Ita fara ba ta san rowa ba, tushe ɗaya sai ya cika hannu biyu, amma manta kafin zafi ya yi nisa ya juya. Abin da yake so shi ne gyaɗa ɗaya mai yawan fara da man ƴar ja, ya kai wa Inna, ta daina wahalar noma mai yawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"To ka cuɗa su ka shuka tare mana," na ce.

Ya yi murmushin nan. "Malama mai littafi. Gyaɗa ba ta leƙa gidan maƙwabta. Kowane fure kansa yake aura tun bai buɗe ba. Sai an shiga tsakani."

Ɗan'uwan nan ne ya koya masa yadda ake shiga tsakanin. Da yamma ake neman furen da bai buɗe ba, wanda zai buɗe gobe, a tsaga shi da matsefata, irin wadda ake cire ƙaya da ita, a tsince ƴan kawunan da ke ɗauke da garin furen, a bar ɗan siririn tsinken tsakiya. Da sassafe a tsinko buɗaɗɗen fure daga ɗaya gyaɗar, a matso garinsa mai ruwan ɗorawa a goga a bakin tsinken. Ya san aikin sarai, hannunsa ne ya ƙi. Injin huda dutse ya bar masa rawa a yatsu, duk furen da ya kama sai ya murtsuke.

"Kawo yatsun nan naki da ba su san komai ba sai juya takarda," ya ce.

Na durƙusa gefen fangali. Ya durƙusa bayana yana nuna mini, numfashinsa a kunnena, yana cewa a hankali, kada ki taɓa na tsakiya. Furen bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na ɓata na farko, na ɓata na biyu. Na uku ya fita lafiya, na ji ya saki ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya. Da safe kafin rana ta yi zafi muka koma, ya tsinko furen fara ya miƙo mini a tafin hannunsa. Wannan shi ne furen da na ce. Na goga, na warware jan zare daga wanda nake ɗinkin hula da shi na ɗaura a gindin furen don mu gane shi.

"An ɗaura aure ke nan," na ce. "Amarya ƴar ja, ango fara."

"To ke ce mai ɗaurin aure. Ni mai ban ruwa ne."

"Ina goro?"

"Sai an haihu."

Wanda bai taɓa kallon gyaɗa kusa ba bai san kunyarta ba. Idan furen ya bushe sai wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa, ya sunkuyar da kai, ya nufi ƙasa, ya shige, can a ɓoye zai yi ɗa. Na ce a raina wannan ai maigidana ne, komai nasa a ƙarƙashin ƙasa yake yi. Daga ranar na rage zuwa wurin Bakanon da ke ba da hayar littafi a kasuwa. Ban bari ba, amma na rage.

Na ɗauka da an tuge gyaɗa mai jan zare aiki ya ƙare, kamar yadda littafi ke ƙarewa ranar biki. Ashe nan ne farkonsa. Ƴaƴan da aka samu aka sake shukawa, jikoki suka fito kowa da halinsa, wannan ya ɗauko rowar uwa, wancan ya ɗauko man uba, wani bai ɗauko alherin kowa ba. Duk shuka sai maigida ya bi tushe-tushe yana tugewa yana dubawa, ya ware ƴan kaɗan, sauran mu ci ko mu ba da. Yana gama cirewa sai ya sa rariya ya tankaɗe ƙasar fangalin, kada ƙwara ɗaya ta saura ta fito gyauro, ta tsira da kanta ta cuɗu da wadda ya zaɓa. Daga waɗanda ya ware nake daka ɗan kaɗan in matso mai, mu ɗura a ƙananan kwalaben magani, mu jera bisa katanga ƙarƙashin rumfa su sha zafin bazara. Idan zafi ya wuce sai mu buɗe ɗaya bayan ɗaya muna sansanawa. Zafin Arlit ba ya yi wa mai ƙarya.

Katangar nan tsakaninmu take da wata mata ƴar ƙasar Tawa, matar wani direba, wadda nake ce wa Yaya. Ita ta koya mini garin, ta nuna mini inda ake samun ruwa idan famfo ya ɗauke. Sana'arta ƙuli-ƙuli da mai, gyaɗarta daga kudu ake kawo mata a buhu. Ta san maigidana na noman gyaɗa a garka, amma ta ɗauke shi abin ɗebe kewar gida, irin na maza.

"Ƙanwata, mijinki ya maida muna katanga kantin magani," takan ce. "Mi yaka nema cikin kwalabe haka?"

"Mai yake nema wanda ba ya juyawa."

"Ki hwaɗa mishi ya saida shi da wuri, awa yadda nike yi. Man da anka saida ba ya juyawa hannunka."

Mu yi dariya. Ban taɓa zama na warware mata zancen ba. Abu ne namu ni da shi, kuma na ga kamar in na faɗa da yawa zai rage daɗi.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba zan ce gyaɗa ta maye gurbin wani abu ba, don ba ta maye ba. Amma muna da abin da muke tashi da safe mu je mu duba tare, mu ce ya girma, mu yi gardama a kan wa ya ɗauko.

Shekaru suka ja. Sai aka rufe ramin da yake aiki. Na ga unguwa tana raguwa gida-gida, manyan motoci na fita ɗauke da katifu da ƙofofi da awaki, sun nufi Agadas da kudu. Mu ma an ce mu tashi. Ya ce mu ƙara shuka ɗaya. Akwai wani layin iri cikin jikokin gyaɗar da ya daɗe yana bi, ƴaƴansa sun daina rarrabuwa, duk tushen da ka tuge kamar ɗan'uwansa, cike da ƴaƴa, ƙwarar ba ja ba ba fara ba, kalar fatar albasa. Yana so ya cika fangalan duka da shi kaɗai, ya samu irin da zai isa gonar mahaifinsa.

A lokacin tarin ya riga ya kama shi. Da farko da asuba kawai yake yi, daga baya ya zama ba ya zaɓar lokaci. Likita ya ce huhu ne. Mutane kowa da abin da yake faɗi, ni dai abin da na sani shi ne mutumin da ke ɗaukar bido biyu, manyan jarkokin ruwa, ya koma sai ya huta kafin ya kai ƙofar gida. Wani dattijo Ba'abzine mai garka kusa da tamu shi ya riƙa yi mana ban ruwa. Ranar cira kuwa maigida ya ce sai an kai shi. Ya zauna bisa buhu yana kallo, muna tugewa ni da dattijon, duk tushen da muka ɗaga sai ya yi nauyi. Sai ya yi murmushin nan. Kafin mu tafi ya sa aka tankaɗe fangalan da rariya kamar kullum.

Muka shanya gyaɗar bisa rufin ɗaki ta bushe, muka zuba a buhu. Sauran tsofaffin iri, da farar da muka fara da ita, duk mun riga mun cinye ko mun ba da, don ya ce kada a yi kuskuren cuɗawa. Abin da ke cikin buhun nan shi kaɗai ya rage.

Sanyi na ƙarewa ya kwanta, bai ƙara fita ba. Ran nan ya ce in jawo masa buhun da babbar ƙwaryata. Ya jingina da bango ya fara ɓarewa.

"Maigida, ai ba a ɓare iri sai hadari ya taso. Ko yaro a ƙauye ya san wannan."

"Na sani. Ɓawo ne rigarsa." Ya yi tari ya huta. "Amma wannan ne aikin da ya rage mini wanda zan iya a kwance. Ina so in ga kowace ƙwara da idona, in fid da mai tabo. Idan na gama ki samo toka da sabuwar tukunya mu rufe. Kafin ruwa ya sauka a gida muna can."

"Gwajin man fa?"

"Idan zafi ya shigo ki matsi kwalba ɗaya. Idan ya ƙetare bazara, aikinmu ya ƙare."

Kwanaki yana ɓarewa, yatsun na rawa, ƙwarya na cika a hankali. Wani lokaci in zauna gefensa in karanta masa littafi, yana sauraro yana tsaki idan saurayin ya cika surutu. "Wannan ba shi da aikin yi ne?" yakan ce. Ranar da ya gama ya tura hannu cikin ƙwaryar yana juyawa, ƙwarorin na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Malama, ni ban iya zancen littafi ba," ya ce. "Amma duk abin da ke cikin ƙwaryar nan, daga yatsunki ya faro."

Na daɗe ina jiran ya faɗa mini magana mai daɗi, sai ga ta ta zo. Na ɗauki faifai na rufe ƙwaryar, na aza ta bisa akwati a ɗayan ɗakin, na ce gobe zan nemo tukunya. Washegari jikinsa ya tsananta, babu wanda ya ƙara tuna tukunya. Ya rasu bayan azahar, kansa bisa cinyata.

Duk inda aka yi rasuwa a unguwarmu, gidan ya tashi daga hannun masu shi. Mu baƙi ne duka a Arlit, babu mai uwa kusa, saboda haka maƙwabta su ne dangi. Mata suka cika tsakar gida, suka karɓe murhu da tukwane da tsintsiya. Mai takaba ba a tambayarta ina gishiri, ba a tambayarta komai, abin kunya ne a dame ta da zancen abinci. Aka zaunar da ni a ɗaki bisa tabarma, kaina a lulluɓe, masu gaisuwa na shiga suna fita. Yaya ce shugabar aikin. Ban san dare ba ban san rana ba, balle abin da ke ɗayan ɗakin.

Ranar sadakar bakwai aka toya masa aka raba gida-gida, aka kai wa maza a ƙofar gida. Daga inda nake ina jin mata na magana a tsakar gida, wata na cewa wannan mai daga ina, wata na cewa ita tun da ta zo garin nan ba ta ci masa mai ƙamshin wannan ba. Aka kawo mini tawa a kwano. Na gutsura don kada a ce na ƙi. Man ya zauna a harshena da wani garɗi mai sanyi, babu nauyi, ya wuce maƙogwaro kamar ba mai ba. Na ƙara gutsura. Shi ne abinci na farko da na ji ɗanɗanonsa tun ranar.

Da mutane suka ragu Yaya ta shigo, hannunta riƙe da kwalba cike da mai, garai-garai kamar zuma sabuwar tata. Ta zauna kusa da ni, fuskarta a kumbure da kuka da hayaƙi, amma da ɗan haske.

"Ƙanwata, ga sauran man. Kin ji yadda mutane ka yabo? Shekara nawa ina wanga aiki, ban taɓa matsar gyaɗa mai ba da mai haka ba. Tun ban gama juyawa ba yana tasowa."

"Wace gyaɗa, Yaya?"

"Tashi mana. Ta cikin ƙwarya bisa akwati. Na ce abin da hannun mutum ya noma shi ya hi dacewa da sadakatai, ladan ya iske shi kai tsaye. Gidana na kai munka soya, don kada ƙamshi ya dame ki."

"Duka?"

"Duka. Ko ƙwara ban rage ba, sadakar mamaci ba a yi mata rowa."

Na dubi kwalbar. Rana ta shigo ta ƙofa ta faɗa cikinta.

"Iri ne, Yaya," na ce.

Ta yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa marar lafiya. "A'a, ƙanwata. Ɓararra ce. Wa ka ɓare iri cikin rani?"

Gaskiyarta. Ita ma ɗiyar manoma ce. A Tawa, a Matamaye, a ko'ina, gyaɗar da ka gani a ɓare da rani ta ci ce ko ta mai. Da a cikin ɓawonta ta same ta, ko da wuƙa a wuya ba za ta taɓa ba. Na faɗa mata zancen tun daga jan zare, abin da ban faɗa ba duk shekarun nan. Ina magana hasken fuskarta na janyewa. Da na kai ƙarshe ta tashi ta fita, ko takalmi ba ta saka ba.

Na ji ta ta bayan katanga tana share inda ta yi sheƙa, tana ɗaga turmi, tana korar kaji. Can ta dawo da faifai, a kansa ɓarin gyaɗa ƴan kaɗan, duk sun sha wuta. Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta kifa kanta bisa gwiwata tana kuka, ni mai takaba na koma ina shafa bayanta ina ba ta haƙuri. Ban ji haushinta ba, har yau ban ji ba. Na dai ji kamar an sake fita da shi daga gidan.

Saura garka. Ni ba ni da damar fita, sai Yaya ta aiki mijinta wurin dattijon nan Ba'abzine, ko Allah zai sa ƙwara ɗaya ta ɓuya a ƙasa ta fito gyauro. Dattijon ya riƙa ba busassun fangalan ruwa safe da yamma, ruwan da albasarsa ke bukata. Bayan makonni ya zo da kansa, ya tsaya daga ƙofa, rawaninsa a rufe da baki.

"Ciyawa kaɗai ya fito," ya ce da karyayyiyar Hausarsa. "Maigidanka mutum mai tsabtar aiki. Ba ta barin komai cikin ƙasa."

Na yi masa godiya. Na tuna rariyar nan, da yadda yake bin ƙasa yana tankaɗewa kamar mai neman zobe.

Kwalbar kuwa na toshe bakinta na aza bisa katanga ƙarƙashin rumfa, inda ƙananan suke zama. Ban san me ya sa na yi haka ba, hannuna ne ya saba. Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda ƙofar ƙarfe ke ƙona tafin hannu. Ina zaune a ɗaki ina hangen kwalbar ta taga. Na rasa addu'ar da zan yi mata. Idan man ya juya, to abin da aka soya ba wani abu ba ne, gyaɗa ce kamar kowace, amma shekarunsa sun tafi a banza. Idan bai juya ba, to ya samu abin da ya nema, kuma mun cinye shi da masa. Littattafaina suna nan cikin akwati, na ɗauko ɗaya na buɗe na rufe. A cikinsu idan abu ya ɓace, ana samunsa kafin shafin ƙarshe.

Na fita takaba daidai lokacin da labari ya zo cewa ruwa ya fara sauka a kudu. Na ɗaure kayana. Yaya ta naɗe mini kwalbar da zanenta mai kyau, ta raka ni tasha, ba mu yi zancen ba. Har motar ta tashi tana riƙe da bakin tagar. Hanyar nan mai ramuka duka a cinyata kwalbar ta yi ta, ban buɗe ba.

Na isa ƙauyensu da hantsi, ƙasa a jiƙe, ƙamshinta ya cika ko'ina. Inna ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi hazo. Muka yi kukan da za mu yi, aka yi addu'a, mata suka watse. Ta san da zancen gyaɗar, duk zuwan da ya yi sai ya ce mata saura kaɗan. Na warware zanen na miƙa mata kwalbar.

"Na yaushe ne?" ta ce.

"Tun ƙarshen sanyi, Inna. Bisa katanga ya yi bazara."

"Bazarar can taku?"

"Ita."

Ta cire toshiyar. Ta kai hanci ta daɗe. Ta ɗiga a tafin hannu ta murza da yatsa, ta lasa, ta rufe ido tana jira ta ji ko zai kama ta a wuya. Ni kuwa ƙamshin ya riga ya iso ni daga inda nake zaune, sabo kamar jiya aka matsa.

"Bai juya ba," ta ce. "Wannan man ƴar ja ne, har ya ɗara. Tushen fa, da ƴaƴa?"

"Hannu biyu ba ya ɗauka."

Ta yi murmushi da gefen baki, a ranar na san inda ya samo nasa. "Ja'iri, ashe ya yi. To ɗiyata, ina irin? Ƙasa ta sha, gobe ma sai a shuka."

Na faɗa mata. Ban tsawaita ba. Ta saurara har ƙarshe, kwalbar a hannunta, babban yatsanta na shafa wuyan kwalbar.

"Mutane sun ci?"

"Sun ci, Inna. Sun yaba."

"To ya tafi da gyaɗarsa ke nan." Ta mayar da toshiyar ta danna da kyau. "Allah ya kai masa ladan."

Washegari muka fita gonar mahaifinsa. Inna ta sauko da ƴar ja daga rumbu, a cikin ɓawonta, muka zauna gindin gawo muka ɓare, ta bi layi tana dogara sanda, ina bin saran da ƙanensa ya yi ina jefawa ina rufewa da ƙafa. Ita ce gyaɗar da ya bari ranar da ya fara tafiya arewa, ƙanana jajaye masu rowa.

Man mun ci shi a hankali, ɗigo-ɗigo bisa tuwon Inna, har ya ƙare bai juya ba. Ban wanke kwalbar ba.

Da gyaɗar ta fara fure na je gona da la'asar ni kaɗai. Matsefatar na ɗaure a bakin zanena, da sauran jan zaren. Na durƙusa, na sami furen da zai buɗe gobe, na tsaga shi, na tsince kawunan ban taɓa na tsakiya ba, hannuna bai manta komai ba. Sai da na gama na tuna babu furen da za a miƙo mini da safe. Na ɗaura masa zaren duk da haka, na zauna gefen kunya har masu dawowa daga gona suka fara wucewa suna yi mini sannu.